Kafin a ɗaga diga: Dukiyar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar Damagaram da na'urar da ke gano ta

Da zarar kaka ta kama, hatsi ya shiga rumbu, kuɗi suka ɗan zagaya a hannun jama'a, to aikin da ke biyo baya a ƙasar Damagaram shi ne gini. Wannan zai faɗaɗa shago, wancan zai kafa rumfar kwano, mai sayar da abinci za ta sa a haƙa mata ramin zubar da ruwan wanke-wanke, ƙungiyar 'yan kasuwa kuma ta tashi gyaran lambatu tun kafin damina ta kewayo. Duk waɗannan ayyuka da abu ɗaya suke farawa, wato a kira lebura a nuna masa wuri, shi kuma ya yi bisimilla ya ɗaga diga. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce: mene ne ke kwance a daidai inda digar za ta sauka?

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, babu mai buƙatar wannan tambaya, domin abin da mai haƙa zai tarar bai wuce yashi ko dutse ko saiwar itace ba. To amma yau zamani ya sake. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna birnin Zinder ya haura mutum dubu 300, kuma tun daga lokacin sai ƙara cin gonakin da ke kewaye da shi yake yi. Gaffati, wadda ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Mirriya mai maƙwabtaka da birnin, na daga cikin yankunan da wannan al'amari ya shafa kai-tsaye, saboda duk inda birni ya miƙa ƙafa, wuta da famfo da waya na biye da shi, kuma ba dukansu ne ke bi ta saman turaku ba. Wannan ne ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu tattauna da 'yan kasuwa maza da mata a kan abin da aka binne a ƙarƙashinmu, da kuma na'urar da ake amfani da ita wajen gano shi ba tare da an tona ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu

Bari mu fara da ruwa, tunda kowa ya san shi ne babbar matsalar Damagaram tun fil'azal. Birnin a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan da ake sha daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Machaya ta kudu, da na Arunguza da Ganaram ta arewa. Ma'ana, akwai manyan bututai da suka ratsa gonaki da garuruwa na tsawon kilomitoci kafin su iso famfon unguwa. Tun watan Janairun 2024 kamfanin NDE ne ke kula da rarraba ruwan, bayan ya karɓi aikin daga hannun SEEN.

Sai kuma man fetur. A watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda aka gina domin tace ganga dubu 20 a rana, kuma bututu mai tsawon kilomita 462 ne ke kawo mata ɗanyen mai daga Agadem. Bayan wannan, an shimfiɗa wani bututun mai tsawon kusan kilomita dubu biyu daga Agadem ɗin zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, wanda ya ratsa jihohin Difa da Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso, aka kuma yi wa jirgin ruwa na farko lodi da shi a watan Mayun 2024.

Akwai kuma wayar faiba, wato wayar nan mai zaren gilashi da ke ɗauke da kiran waya da intanet. A ƙarƙashin shirin nan na wayar da za ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, an shimfiɗa sama da kilomita dubu a Nijar, kuma ɗaya daga cikin rassanta ya tashi ne daga Zinder ya bi ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya.

Ta ɓangaren wutar lantarki kuwa, gaskiya ne mafi yawan wayoyin NIGELEC a sama suke, sai dai akan binne wasu a kusa da ɗakunan taransifoma, da inda layi zai tsallaka titi, da wajen fitilun kan hanya. Bugu da ƙari, akwai waɗanda mu da kanmu muke binnewa: wayar da aka ja daga janareto zuwa jerin shaguna, da wadda ta tashi daga farantan hasken rana zuwa injin rijiyar burtsatse a lambu, da wadda maigida ya jawo daga gida zuwa tiredar ƙofar gida. Irin waɗannan su ne suka fi haɗari, domin ba su cikin taswirar kowa, ba a binne su da zurfi ba, kuma sau da yawa wanda ya binne su ya tashi daga wurin ko ma ya riga mu gidan gaskiya.

Asarar da sara ɗaya ke jawowa

Duk mai sana'a a Damagaram bai manta da halin da aka shiga ba daga watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take turowa, har zuwa farkon 2024. Mai ƙanƙara da mai zoɓo da mai kifi sun ga yadda jari ke narkewa a cikin firiza, tela ya zauna yana kallon keke, mai markaɗe ya koma sayen mai da tsada. Wancan lamari ne na siyasar ƙasashe, ba mu da iko a kansa. Amma irin wannan duhun yana iya sauka a kan unguwa guda saboda sarar diga ɗaya, kuma wannan kam yana hannunmu.

Haka abin yake ga waya. A yau ɗan kasuwar da ke Kasuwar Dole ba ya ɗaukar jakar kuɗi zuwa Kano ko Maraɗi kamar da, ta Nita ko Amana yake aikawa. Matar da ke kawo kayan miya daga ƙauyukan Gaffati takan buga waya ta ji farashi kafin ta biya kuɗin mota. Ranar da aka ce babu rezo, ciniki ya tsaya, mai bashi ya samu hujja, mai jiran saƙo ya wuni a bakin kanta. A maƙwabciyarmu Nijeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta bayyana cewa an katse wayar faiba fiye da sau dubu 50 a shekarar 2024 kaɗai, kuma kusan dubu 30 daga ciki a wajen aikin hanya ne. A ƙasar Jojiya kuwa, a watan Maris na 2011, wata tsohuwa mai shekara 75 da ta fita tonon jan ƙarfe domin ta sayar, ta sare wata waya guda, abin da ya jefa mafi yawan ƙasar Armeniya cikin rashin intanet na tsawon sa'o'i.

Duk wannan asarar dukiya ce, ana iya mayar da ita. Wadda ba a mayarwa ita ce ta rai. Idan bakin diga ya huda wayar da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi, tartsatsin da ke tashi kan ƙone fuska da hannuwa nan take, ko da wutar ba ta bi ta jikin mutum ba. Ranar 15 ga Mayun 2008, a unguwar Ijegun ta Legas, wata katafila mai aikin hanya ta fasa bututun mai, wuta ta tashi ta shiga gidaje har ta kai ga wata makaranta. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce mutanen da suka mutu sun kai ɗari, ko da yake hukumomi sun ba da adadin da bai kai haka ba. A garin Ghislenghien na ƙasar Beljiyam ma, mutum 24 ne suka rasa rayukansu ranar 30 ga Yulin 2004 sakamakon fashewar bututun gas, kuma bincike ya nuna cewa injin masu gini ne ya ƙwarzane bututun tun makonni kafin ranar. Darasin da ke nan shi ne, ƙwarzanen da aka yi aka rufe da ƙasa aka yi shiru bai wuce ba, yana nan yana jiran ranarsa.

Yadda na'urar ke aiki

Mutane da dama kan ga ma'aikaci yana tafe a gefen hanya sannu a hankali, riƙe da wata aba mai kama da faffaɗar sanda tana ƙara, sai su ɗauka zinare yake nema. Ba haka ba ne. Na'urar neman zinare ƙarfe take ji kowane iri, ko da murfin kwalba ne, kuma ba ta jin abin da ya yi zurfi sosai. Ita wannan kuwa wani abu dabam take saurare.

Tun a shekarar 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Oersted ya gano cewa duk wayar da lantarki ke gudana a cikinta, wani ƙarfi irin na maganaɗisu yana kewaye ta. A 1831 kuma Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa idan wannan ƙarfin yana sauyawa, aka kawo naɗaɗɗiyar waya kusa da shi, za ta samu 'yar wuta a jikinta. Wutar da muke amfani da ita a Nijar da Nijeriya tana kai-da-komo sau 50 a kowace daƙiƙa, saboda haka ƙarfin da ke kewaye da wayar ma yana ta sauyawa, kuma yashi ko siminti ba sa tare shi. A cikin sandar nan akwai naɗaɗɗun wayoyi da ke kama shi, su mayar da shi ƙara da lambobi a kan ɗan allo. Ma'aikaci yana matsowa kusa da wayar da ke binne ƙarar na ƙaruwa, yana wuce ta tana raguwa. Inda ƙarar ta fi tsananta, nan ne saitin wayar, sai ya sa alama da fenti ko turke, ya ƙara gaba, har ya fitar da layin gaba ɗaya.

Hanyoyin aikin iri biyu ne. Ta farko ita ce saurare kawai, wato a bi fili da sandar a ji ko akwai wayar da ke guɗa da kanta. Misalinta kamar mutum ne ya tsaya a bayan katanga yana jin rurin injin niƙa, ya san akwai inji a gidan ko da bai gan shi ba. A wannan hanyar na'urar kan kuma iya jin saƙon manyan tashoshin rediyo masu dogon zango, wanda dogayen wayoyi da bututan ƙarfe kan kwasa su sake fitarwa.

Hanya ta biyu ta fi inganci, kuma ita ce ke buƙatar ɓangare na biyu na kayan aikin, wani ɗan akwati mai batir. Shi wannan akwati nasa saƙon yake sakawa a cikin wayar da ake nema, mai bugawa sau dubu 8 ko sau dubu 33 a daƙiƙa, ko wani adadin da ma'aikacin ya zaɓa, sannan a saita sandar ta saurari wannan saƙon shi kaɗai. Kamar makiyayi ne ya ɗaura wa akuya ɗaya ƙararrawa a cikin garke, duk inda ta shiga zai bi sawunta. Ana saka saƙon ta hanya uku: ko a maƙala waya kai-tsaye a jikin bututun ko kebul ɗin, a kafa ɗan turken ƙarfe a ƙasa domin saƙon ya samu hanyar komawa, ko a zagaya wa kebul ɗin wani zobe mai kama da awartaki ba tare da an fere shi ba, ko kuma a ajiye akwatin a ƙasa a saitin inda ake zaton layin yake, saƙon ya sauka da kansa. Maƙalawa kai-tsaye a layin da ke da wuta aikin ma'aikatan kamfanin wuta ne kawai, ba na kowa ba.

Game da zurfi kuwa, a cikin sandar akwai naɗin waya ɗaya a ƙasa, wani a sama. Na ƙasan ya fi kusa da abin da aka binne, don haka ya fi jin saƙon. Daga bambancin da ke tsakanin biyun ne na'urar ke lissafa zurfin ta rubuta a allo. Kamfanoni irin su Radiodetection na birnin Biristol a Ingila da Vivax-Metrotech da Leica na daga cikin masu ƙera irin waɗannan kaya, kuma kamfanonin gine-gine da na sadarwa ne suka fi mallakarsu.

Inda na'urar ke gazawa

A daidai wannan gaɓar muna so masu karatu su ba mu hankalinsu, domin shirun na'ura ba shaida ba ce ta cewa babu komai a ƙasa.

Na farko, idan an ɗauke wuta, wayar ta daina guɗa. A garin da ake yawan ɗauke wuta, musamman lokacin bazara, ana iya bin fili da sanda a ji shiru, a soma haƙa, a kawo wuta lebura na tsakiyar rami. Injin niƙan da aka kashe yana nan a bayan katanga, rurinsa ne kawai ya tsaya. Haka ma wayar fitilun titi ba ta ɗauke da komai da rana, wayar da aka yanke aka toshe bakinta kuma tana iya kasancewa da wuta alhali ba ta ƙara. Wayar farantan hasken rana ma, kafin ta shiga inbata, wutarta miƙe take tafiya ba ta kai-da-komo, don haka saurare kawai ba lallai ya kama ta ba. Maganin duk waɗannan shi ne a yi amfani da akwatin nan, kada a tsaya ga saurare.

Na biyu, na'urar ba ta jin roba. Mafi yawan ƙananan bututan ruwa na yanzu na roba ne, ita kuma faiba gilashi ce, haske ke bi ta cikinta ba lantarki ba. Ana iya gano su ne idan suna da sulken ƙarfe, ko kuma an binne su tare da wata siririyar wayar jan ƙarfe da aka sa domin wannan ranar. Idan bututu fanko ne, akan tura wani ɗan ƙaramin abu mai fitar da saƙo a cikinsa a riƙa binsa ta sama. Akwai kuma wata na'urar dabam mai kama da keken tura jariri, wadda ke aika saƙo cikin ƙasa ta saurari dawowarsa. Ita tana ganin roba, kuma tana aiki sosai a busasshen yashi irin na jigawa, amma a fadama mai jiƙaƙƙen laka ba ta gani da nisa.

Na uku, busasshiyar ƙasa ba ta son wucewar lantarki. Shi ya sa za ku ga ƙwararren ma'aikaci yana zuba ruwa a gindin turken da ya kafa, domin saƙon ya samu hanya. Na huɗu, a wuri mai cunkoso kamar kasuwa, inda wayoyi da rodi da ƙofofin ƙarfe suka haɗu, saƙon kan yi tsalle daga wannan waya zuwa waccan, musamman idan mai saurin bugawa ne, sai a bi layin da ba shi ake nema ba, zurfin da allo ya nuna ma ya zama ba daidai ba. Saboda haka alamar fenti jagora ce kawai, ido ne ke yanke hukunci. A Ingila, ƙa'idar hukumar kare lafiyar ma'aikata ita ce kada a yi amfani da injin fasa ƙasa a cikin tazarar rabin mita daga layin da aka yi wa alama, a fara tona ƙananan ramukan gwaji da hannu, da shebur maimakon diga ko dagi, kuma a tono ta gefen layin ba ta samansa ba.

Launin raga magana ce

Masu shimfiɗa layi bisa ƙa'ida kan sa wata ragar roba mai launi kimanin santimita 20 zuwa 30 a saman abin da suka binne, domin ta zama gargaɗi ga mai haƙa. A tsarin Faransa, ja na nufin wutar lantarki, shuɗi ruwan sha, kore wayar sadarwa, rawaya gas ko mai, ruwan ƙasa kuma bututun ƙazanta. A tsarin Amurka ja da shuɗi da rawaya ma'anarsu ɗaya da wancan, sai dai su ruwan lemo ne na sadarwa, kore kuma na ƙazanta. Tunda kamfanonin da ke aiki a ƙasashenmu daga wurare dabam-dabam suke zuwa, abin da ya fi sauƙi shi ne duk leburan da ya ci karo da raga ko leda mai launi, ko jerin bulo, ko lallausan yashin da bai yi kama da ƙasar wurin ba, ya dakata ya kira mai aikin.

Kada kuma a dogara da cewa ai layin gwamnati da zurfi ake binne shi. Ruwan damina na zaizaye ƙasa, iska na kwashe yashi daga nan ta tara a can, masu ɗibar ƙasar gini na rage tudu. Abin da aka binne a zurfin mita guda shekara goma da suka wuce, yau yana iya kasancewa taki ɗaya ne tsakaninsa da tafin ƙafa. Turakun siminti da allunan da ake kafawa a kan hanyar bututun mai da ta faiba ba ado ba ne, kuma ba wurin ɗaure jaki ba ne. Wanda ya tumɓuke su ya makantar da duk mai zuwa bayansa.

Muna kuma jan hankalin matasa masu sana'ar gwangwan da masu saye a hannunsu cewa abin da ke cikin faiba zaren gilashi ne siriri kamar gashi, ba ya hawa sikeli. Wanda ya sare ta ya jefa dubban jama'a cikin wahala, shi kuma bai samu ko dala ba. A Nijeriya ma, tun 2024 aka sanya kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa, wanda lalata su laifi ne da ke iya kai mutum gidan kaso.

Yadda wasu suka ɓullo wa lamarin

A Amurka, tun shekarar 2007 akwai lambar waya guda, 811, wadda duk mai niyyar haƙa, ko da ramin dashen itace ne a gidansa, zai kira kwanaki kaɗan kafin ya fara, sai kamfanoni su turo ma'aikata su yi masa alama kyauta. A Faransa kuwa, tun watan Yulin 2012 doka ta wajabta wa mai aiki da ɗan kwangilarsa su duba rumbun bayanai guda na ƙasa baki ɗaya, su sanar da masu layukan da ke wurin kafin a taɓa ƙasa. Abin lura shi ne, a duk ƙasashen biyu ba na'urar ce gaba ba, tambaya ce gaba. Hausawa ma sun riga sun faɗa, matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya rage gare mu

Ba muna cewa kowace mai tuwo-tuwo ta sayi wannan na'ura ba ne, domin tana da tsada, kuma sai wanda aka horar ne ke iya fassara abin da take faɗa. Abin da muke kira a kai ya fi haka sauƙi.

Duk wanda zai haƙa harsashin shago, ko salga, ko rijiya, ko ramin turken rumfa, musamman a bakin titi ko cikin kasuwa, ya fara leƙawa ma'aikatar magajin gari, ya kuma tuntuɓi ofishin NIGELEC da na NDE da na kamfanin waya mafi kusa. A ƙauye a tambayi mai gari da dattawan da suka ga lokacin da aka yi aikin, domin sau da yawa abin da ke kansu ya fi abin da ke cikin takarda. A duba kewaye da ido: inda aka ga kebul ya sauko daga turke ya shige ƙasa, ko murfin rami na siminti, ko mita, ko famfon unguwa, to akwai layi, saura a san inda ya nufa.

Shugabannin 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin mata masu adashi na da rawar takawa. Idan za a yi babban aiki kamar lambatu ko sabon jerin shaguna, su sa sharaɗi a cikin yarjejeniya cewa sai ɗan kwangila ya kawo mai na'ura ya bi wurin, an yi alama, kafin katafila ta shigo. Kuɗin wuni ɗaya na wannan ma'aikaci, idan aka raba shi a kan shaguna hamsin, bai kai asarar firiza ɗaya ta kifi ba. Su kuma buɗe littafi a ofishin kasuwa, duk wanda ya binne waya ko bututu a rubuta daga ina zuwa ina, a ɗauki hoto da wayar hannu kafin a rufe ramin. Mai binne waya ya saka ta cikin bututun kariya, ya shimfiɗa raga a sama; mai binne bututun roba ya haɗa da siririyar wayar jan ƙarfe wadda bakinta zai fito a waje. Kuɗin ba shi da yawa, amma zai iya ceton ran wani bayan shekara ashirin.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, kada a taɓa wanda wuta ta kama da hannu. A kashe wutar daga tushe idan ta gida ce ko ta janareto, idan kuma babban layi ne a nisanta, a hana jama'a matsowa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, a sanar da kamfanin wuta. Kada a ce ai wutar ta ɗauke a koma cikin rami, domin ana iya maido ta ba tare da sanarwa ba. Idan faiba ce aka sare, kada a leƙa bakinta, saboda hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya lahanta shi. Idan bututun ruwa ne, kada a ɗaure da roba a rufe a yi shiru, domin duk lokacin da ruwa ya ɗauke, ƙazantar da ke kewaye na iya shiga ta wurin ta isa randunan unguwa. Idan aka ji warin mai ko gas, a kashe duk wata wuta, a bar wurin, kada kowa ya zo da bokiti.

Daga ƙarshe, muna kira ga mahukuntan birnin Zinder da na ƙananan hukumomin da ke kewaye da shi, irin su Gaffati da Mirriya, da su nemi kowane kamfani ya ajiye musu taswirar abin da ya binne a yankinsu, su kuma ware ofishi ɗaya ko lambar waya ɗaya da talaka zai tuntuɓa kafin ya haƙa. Yankunan da ake yanka filaye yanzu su ne suka fi sauƙin kamawa, domin rubuta layi ranar da ake binne shi ya fi sauƙi a kan nemansa bayan an yi gini a kai. Su kuma 'yan kasuwa, lebura ɗan wani ne, kuma amana ne a hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Kafin a nuna masa wuri a ce sara nan, a tabbatar an tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kare mu da dukiyoyinmu, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.